Tsohuwar Ɗakin Baya

Kafinta yana kan tsani, ƙusoshi a baki, sai tsohuwar ɗakin baya ta ɗago masa kofin ruwa ta ce, "Sauko ka sha, ɗan nan, rufin ba guduwa zai yi ba."

Tare da gidan ya same ta. Ran da dillali ya zagaya da shi yana nuna masa ɗakunan haya, ya rage murya ya ce baiwar Allahn nan ba ta da kowa, in da hali a bar ta. Kafinta, wanda mahaifiyarsa ta rasu yana goye, ya ce ko kwabo ba zai karɓa a hannunta ba.

Cinikin ya zo da sauƙin da ya tsorata matarsa. Dillalin ne ya biyo shi har shago. Babu banki, babu mai tsaya masa, ba wanda ya tambayi abin da yake samu. A ba da kafin alƙalami, sauran a riƙa biya wata-wata, takardu kuma suna hannun masu gida sai an gama. Wanda ya tsallake wata guda, gida ya koma, abin da ya biya ya zama kuɗin haya. Masu gidan kuwa ba a ganinsu, wai ba su son hayaniya.

"Baban yara," in ji matar, "mutumin da bai tambaye ka yadda za ka biya ba, anya biyan yake so?"

Ya yi dariya, ya ce ita ko kyauta aka ba ta sai ta juya ta duba gindinta. Ya sayar da injin yanka katakonsa, ya sa hannu.

Gidan kam ba laifi. Ga rijiya mai zurfi da murfin siminti, ga daɓe sumul. Rufin ne kawai ya zama rariya, kuma ba ɗan hayar da zai kwana a ƙarƙashinsa. Tsohuwa ta san tarihin komai. Rijiyar wani bawan Allah ne ya haƙa, sana'arsa ce. Daɓen kuwa aikin wani magini. "Mutanen kirki," ta ce, "ba su dai daɗe ba."

Kafin a ce me, ta zama Iya. Ita ke ajiye masa zarto da guduma, ita ke goya autarsa idan matar ta kawo abinci. Ya sassaƙa mata 'yar kujera, ya canja mata taga tun bai taɓa sauran ɗakunan ba. A gabanta yake zazzage cikinsa, abin da ya samu da abin da ya rage, yana jin daɗin da bai taɓa sani ba na mai uwa.

Hadari ya fara haɗuwa, kuɗin hannunsa kuma ba za su kai biyu ba: ko kwanon rufi, ko biyan wata. Bai gaya wa matarsa ba. Iya ya gaya wa.

"Mutanen nan na daɗe da su, ba su da zafi," ta ce. "Wata ɗaya ba komai. Yi wa gidanka rufi 'yan haya su shigo, sai ka haɗa ka biya."

Ya rufe shi tsaf, ko ɗigo ba ya shiga. Bai gama kwashe guntayen katako ba dillali ya iso da lauya da sabon kwaɗo.

Ya roƙa, ya durƙusa, ya nuna musu kantar hannunsa. Lauya ya nuna masa inda ya sa hannu. Da ya ga ba makawa, abu ɗaya ya nema: kar a kori Iya. Ta riƙe gefen rigarsa tana kuka, shi ne ma ya koma yana ba ta haƙuri.

Yanzu aikin yini yake yi a shagon wanda ya sayi injinsa, yana yanka wa wani katako da abinsa. Matarsa ba ta ce "na faɗa maka" ba. Ita ce ma ta ce a gyara ɗakin yara a ɗauko Iya, tun sabon mai gida bai watso mata kaya waje ba.

Ya tafi da saurinsa, karo na farko da zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Ƙofar gidan a buɗe take. Ya kai bakin tagar da ya yi da hannunsa, zai yi sallama, sai ya hango dillali a durƙushe gaban 'yar kujerar, ya cire takalmi.

"To uwar ɗakina, wa zan nemo kuma?"

Iya ta ɗaga kai ta dubi sabon rufin, ta ce, "Rijiya ta samu, daɓe ya samu, rufi ya samu, wannan karon ka sayar wa mai aikin lantarki gidan nawa."