Mutumin da Ke Bin Mai Firji

Mai Firji ya ja takunkumi har ƙasan ido, ya danna hula, ya maka baƙin tabarau, sannan ya leƙa titi.

"Maigida, asibiti za ka ko fashi?" in ji matarsa.

Bai yi dariya ba. 'Yan watannin baya firji-firjin shagonsa suka fara yi masa magana, wani na zaginsa, wani na kai gulmarsa, har ya zare musu wuta duka, amma ba su yi shiru ba. Matarsa ce ta lallaɓa shi zuwa wurin likita. Allurar wata-wata ta kashe muryoyin, aiki ya dawo hannunsa tsaf. Kunyar ce allura ta kasa taɓawa. Yana cikin ɗura wa firji iska sai ya ce a ransa, wa zai ba mai taɓin hankali kayansa? In abokin ciniki ya yi murmushi, sai ya ɗauka an ji labari.

Alfarma ɗaya ya roƙi matarsa: kada mahaifinta ya sani. Surukin nasa hedimasta ne mai tsare gida, wanda ko tari ya yi sai yara sun nutsu. Da kyar ma ya ba shi 'yarsa. A bana ya ajiye aiki bagatatan, ya ce hutu yake so, kuma kwanan nan ko gaisuwa aka je sai a ce yana barci. Mai Firji ya yanke cewa tsohon ya sansano wani abu ne, shi ya sa yake gudunsa.

Don haka ya zaɓi asibitin da ke can ƙarshen gari, inda sai an sauya mota, inda babu wanda ya san fuskarsa.

A tasha ya hango shi. Mutum ne dogo cikin rigar ruwa, alhali ko hadari babu, da takunkumi da tabarau. Ranar allurar da ta wuce ma ya gan shi, ya basar.

Mai Firji ya shiga mota, mutumin ya shiga ya zauna can baya. Ya sauka, mutumin ya sauka. Ya tsaya gaban shagon takalma yana yi kamar zai saya, mutumin ya tsaya yana karanta allon talla. Ya ƙara sauri, ya laɓe bayan wata motar kaya, ya leƙo a hankali. Sai ga mutumin laɓe bayan wata motar, shi ma yana leƙowa.

Haka ciwon ya faro wancan karon. Ya so ya tambayi mai sayar da lemo ko ita ma tana ganin mutumin, amma ya fasa, don a ganinsa mai hankali ba ya irin wannan tambaya. Ya kwasa da gudu har cikin asibiti.

Kullum likita ta tambaye shi, "lafiya lau" yake cewa ta bayan takunkumi, a yi masa allura ya fice. Yau kam ya zauna a kujera.

"Likita, abin ya dawo. Wani nake gani yana bina. Don Allah kada surukina ya ji, raba ni da matata zai yi."

"Ka kyauta da ka faɗa," ta ce. "Ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma muna da maganinsa. Yaya kamanninsa?"

Bai kai ga amsawa ba aka banko ƙofa. Mai rigar ruwa ya faɗo ciki yana haki. Likita ta ɗago ta dube shi, kuma wannan kallon kaɗai ya sanyaya wa Mai Firji rai: ashe ita ma tana ganinsa.

Mutumin ya yi turus. Ya fizge takunkuminsa, ya cire tabarau, ya nuna Mai Firji da yatsa.

"Likita, ki ƙara mini allurar nan," in ji surukinsa hedimasta, "mutumin da na ce miki yana bina, ga shi har a kan kujerarki nake ganinsa!"