Ƙayar da Ta Shanye Rijiyar Ghissa

Ghissa yana da garka a bakin wani ƙaramin tabki, gabas da Gougaram. Tabkin yakan riƙe ruwa wata huɗu bayan damina. In ya ƙafe, rijiyar garkar ce take riƙe su har wata shekara. Da ita yake ban ruwan albasa da tumatir, da ita matarsa Tata take shayar da awakinta.

Shekarar da kasuwar uraniyom ta faɗi, aka sallami ƙanensa Attaher daga aikin tuƙi a Akokan. Ya zo musu da dashe shida a gwangwanayen madara, wata ƙaya ce da ya samo wajen direbobin kudu.

"Yaya, yi shinge da wannan. Ba ta san fari ba, ko raƙumi ba ya ƙetare ta."

Shinge ya yi kyau. Awaki suka riƙa cin 'ya'yan ƙayar, suna zubar da irin cikin kashinsu a bakin tabki. Damina biyu, sai ga tsiro ko'ina.

Tata ta ce, "Maigida, mu tuge su tun ba su wuce gwiwa ba."

"Ɗanyen ice? Kin manta Illi?"

Illi maƙwabcinsu ne. Ya taɓa sare ɗanyar aduwa, ma'aikatan gandun daji suka ƙwace gatarinsa, ya kwana uku a tsare. Tun daga ranar ba mai kai ƙarfe jikin ice mai ganye.

"Aduwa ya sare. Wannan kuwa baƙuwa ce."

"Ɗan gandun daji ba ya tambayar ice garinsu. Ɗanye ɗanye ne."

"To, je Arlit ka tambaya mana."

Lokacin tawaye ne. Sojoji sun tare hanya, mai rawani irin Ghissa yana iya fita da safe a neme shi a rasa. Ghissa ya ce bari hanya ta lafa. Direbobi suna wucewa, amma bai aika ko ɗaya ya tambayo masa ba.

Hanya ba ta lafa ba sai bayan shekara biyar.

Kafin nan ƙaya ta rufe tabki, dabba ba ta iya kai baki ga ruwa. Ruwan wata huɗu ya koma na kwana ashirin. Ciyawa ta ɗauke. Awaki ba su da abin ci sai 'ya'yan ƙayar, muƙamuƙinsu ya karkace, suka kasa tauna, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ghissa ya ƙara wa rijiya zurfi sau uku. Na ukun, saiwa ya tarar cunkus a ƙasa, ba ko damshi.

Da zaman lafiya ya dawo, wani ma'aikacin gandun daji, mai suna Muktari, ya zo zagaye. Ya daɗe tsaye yana kallo.

"Baba, wa ya bar wannan abu ya kai haka?"

"Dokarku."

"Haba, Baba! Ai tabkin nan doka take karewa, da itatuwan ƙasarmu. Da saƙonka ya iso, izini zan ba ka, in zo da kaina mu tuge."

"Yanzu fa?"

Muktari ya sunkuyar da kai. "Yanzu ka sare ɗaya, goma su toho. Ta fi ƙarfin gatari."

Tata ta juya ta shiga bukka.

A watan suka ɗaure kayansu. Yau suna cikin bukkokin bayan garin Arlit. Ghissa yana dakon kaya a tasha da furfurarsa, Tata tana bin layin famfo da jarka ɗaya.

'Yan'uwa, kada mu shuka baƙon ice kusa da ruwanmu ba mu san halinsa ba. In kuma ya tsiro, mu tambayi abin da doka ta ce tun yana ƙarami. Tsoron dokar da ba mu sani ba yana iya raba mu da ruwan da aka yi dokar dominsa.