Gwangwanin Saude

Na saki matata Saude a kan gero, shekarar fari. Cikin gwangwanin madara sittin na auno a shagon Ɗanmusa a Isa, na ce ta riƙa ɗiban biyu kullum, ya kai mu wata. Kwana ashirin da shida ya ƙare.

"Gidanku kike kaiwa!"

"Wallahi, Malam, biyu nike ɗiba."

Ban saurare ta ba.

Bayan wata huɗu na je awo da gwangwaninta na ɗiban gero. Ɗanmusa ya ture shi gefe.

"Wanga na da ne, Kalilu. Kamfani ya rage gwangwani, ya bar farashi. Shi ya sa nawa giram 147 ne, ba 170 irin wanga ba."

Na garzaya gidansu a Tozai neman kome, in maida ta ɗakinta. Na tarar an ɗaura mata aure tun Juma'a.