Wandon da Aka Auna da Wuya

Tunda sau uku ke nan ina tambayarka abin da ke damunka kana ce mini ba komai, gyara zama in ba ka misalin wani ɗan dako.

Mutumin nan ya shekara goma sha biyar yana tura baro a kasuwar hatsi, har ciwon hanta ya kama shi. Wuyansa ya zabge, hannuwansa suka koma kamar kara, ciki kuwa sai tara ruwa yake yana girma. Matarsa kaɗai ta sani, ita ma ya hana ta faɗa. Ya koma sa riguna masu faɗi, in an ce ya rame sai ya ce azumin nafila yake yi. Da tura baro ya gagare shi, sai ya ji ana ɗaukar ma'aikata a wani injin casar shinkafa, aikin ɗinke bakin buhu, wanda ko mai ciwo zai iya lallaɓawa. Sharaɗinsu ɗaya ne: ba a zuwa da tufafi masu yalwa, domin bel ɗin inji yana fizgar su, kowa ya zo da wandon jins mai kauri. Bakin 'ya'ya biyar na jiransa, sai ya sayar da baron, ya nufi shagon wani dattijo mai sayar da wanduna.

Dattijon ya zaro masa wani jins shuɗi mai duhu, ɗanye, wanda bai taɓa ganin ruwa ba, irin mai jan zare a bakin saƙa in ka naɗe ƙafarsa. Ya ce irin wannan yana shekara biyar bai yage ba, amma yana da taurin kai: ba ya buɗewa don an roƙe shi, kuma ranar da ya fara shan ruwa sai ya ƙara tsukewa. Saboda haka daidai cibiya ake auna shi, a ƙara yatsa biyu, kuma in ya jiƙa ba a mayarwa. Ya ciro tef ɗin awo, ya nuna masa labule, ya ce, "Shiga ciki ka ɗaga rigar, ɗan'uwa, ni da kai ne kawai." Ɗan dako ya tuna kasuwa ba ta riƙe magana, yau a shago, gobe a kunnen masu inji. Sai ya yi dariyar yaƙe, ya ce shi awon da ya gada ya ishe shi. Ya ɗauki ƙugun wando a rufe ya zagaya wuyansa da shi, yadda aka saba yi a kasuwa, wai in bakin biyu suka haɗu a ƙeya, to wando zai zauna. Dabara ce mai kyau ga wanda wuyansa da cikinsa suke tafiya tare. Shi kuwa nasa sun daɗe da raba hanya. Dattijon ya dubi yadda rigar ta tsaya masa a gaba, ya ajiye masa wani wandon da ya fi girma kusa da hannunsa. Ɗan dako ya ture shi, domin a ganinsa ɗauka amsa laifi ne. Ya biya kuɗin na farkon, ya tafi da shi.

Da ya gwada a gida, yatsa huɗu suka rage tsakanin maɓalli da ƙofarsa. A lokacin wandon yana bushe, da ya koma da an canza masa. Amma komawa na nufin ɗaga riga. Sai ya sa matarsa ta jiƙa shi a ruwan zafi, suka cusa turmi a ƙugun wai ko zai buɗe. Tana yi tana kuka, ruwan ya koma shuɗi, hannunta ma haka. Da ya bushe, yatsa huɗu suka zama shida.

Ranar ɗaukar aiki ya ɗaure shi da igiya, ya saki riga a kai, ya shiga layi cikin mutum arba'in. Shugaban ma'aikata ya fito ya ce kowa ya yi zanzaro kafin a shiga wurin inji. Kowa ya cusa rigarsa cikin wando, aka bar shi tsaye. Aka sake faɗa. Sai ya ɗaga rigar, ga igiya, ga zif a buɗe, ga ciki yana ƙyalli, jijiyoyi sun fito raɗau. Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi masa sauƙi. Shugaban ya matso ya ce masa a hankali, "Bawan Allah, asibiti ya kamata ka nufa, ba nan ba."

Da me zai je asibitin? Baro ya tafi, aiki ya kuɓuce, kuɗin sun zama wandon da ba ya rufuwa. Ya koma gida a ƙafa, ya zauna a bakin ƙofa, bai iya haɗa ido da 'ya'yansa ba. Abin da ya hana mutum ɗaya gani a bayan labule, mutumin da zai rufa masa asiri, shi ne mutum arba'in suka gani da rana tsaka.

To, ka ji. Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoye cibi.