Tayar da Ba Ta Huje Ba

Karo na uku ke nan tsoho mai faci na tsoma robar cikin tayar a daron ruwa, yana juya ta a hankali, amma ko ɗigon kumfa bai taso ba. Tun safe yake durƙushe a bakin hanyar Tabotaki, bayansa ya ƙage. Ya shafa cikin tayar da yatsu ko zai ji ƙaya ko ƙusa, bai ji komai ba.

Mai moton, wato babur ɗin da aka ciro wa tayar, wani baƙo da tafiya ta ci fuskarsa, yana zaune bisa benci, ya kasa shan ruwan da aka ba shi.

Sai da tsohon ya duba bakin da ake buga wa robar iska ya ga an kwance shi.

"Malam, tayarka lahiya lau take. Hannu ya sace iskan ga."

"Ni na sace shi, Baba," in ji baƙon, kansa a ƙasa. "Sau biyu ina wuce rumfarka, na kasa tsayawa, sai na nemi dalili. Daga Jado nike. Rame guda muke haƙar zinariya da ɗanka. Ramen ya rufta da shi, mun yi mishi sutura ran Juma'a."

Tsohon ya ce, "Inna lillahi." Ya maida robar, ya jawo famfo ya shiga bugawa. Tayar ta cika ta yi tauri, hannunsa bai tsaya ba, sai da baƙon ya taso ya riƙe shi.