Kalma Ɗaya Ta Kori Gyurme

Jami'ar ofishin masu neman mafaka ta nuna mutumin da ke zaune kusa da ƙofa, ta tambayi Metok, "Wane ne wannan a wurinki?"

"Akhu ne," in ji yarinyar. Ko ɗago kai ba ta yi ba, zane take yi da hannun hagu a takardar da aka ba ta.

Tafinta ya fassara: ƙanen uba, wato baffa.

"Ina babanki?"

"Pala ya rasu a kan dutse."

Ba ƙarya ta yi ba. Wangdu, wanda take kira Pala, sanyi ne ya kashe shi a mashigar tsaunin da ke tsakanin Tibet da Nepal. Ƙanensa Gyurme, wannan na kusa da ƙofa, shi ne ya goya yarinyar har suka sauko, yatsun ƙafarsa biyu suka ruɓe aka yanke. A Kathmandu dillalin da ke tsallakar da mutane ta ɓarauniyar hanya ya raba su. Metok da uwarta Yangkyi ya sa su a jirgi zuwa Suwizalan, Gyurme ya biyo baya ta Italiya, inda aka yi masa rajista, aka ɗauki hoton yatsun hannunsa.

Doka a fili take. Duk wanda aka fara rajistarsa a wata ƙasa, can za a mayar da shi. Amma ba a raba uba da ƙaramar 'yarsa, ba a raba miji da matarsa. Baffa kuwa ba ya cikin lissafin iyali.

Tafintan saurayi ne haifaffen Indiya, bai taɓa taka ƙasar Tibet ba. Kafin a shiga, Yangkyi ta ja shi gefe ta tambaye shi wani abu ƙasa-ƙasa. Ya zaro ido. "Yaya, ki rufa mana asiri! A nan ɗauri ake yi a kan wannan, kuma su karɓe yarinyar." Ta koma ta yi wa Gyurme raɗa. Ya daɗe yana kallon Metok, sannan ya gyaɗa kai.

Jami'ar ta yaba zanin gaba mai ratsi-ratsi da Yangkyi ta ɗaura, wanda muke kira pangden. Ta ce launukansa sun yi kyau. Ba ta tambayi me yake nufi ba, kuma tambaya ce aikin da ake biyanta a kai. Ta rubuta: bazawara da marainiya, an karɓa. Baffa, a mayar. Gyurme ya sa hannu da hagu.

Kafin a zo ɗaukarsa, yana zaune a sansanin bayan gari. Duk Asabar yakan zo ɗakin taron 'yan ƙasarmu, inda nake koya wa yara karatun Tibet tun da na bar aikin makaranta. Yakan jira a bakin ƙofa da ƙullin tsampa, garin soyayyen sha'ir.

"Ke kwikwiyo, me aka koya yau?"

"Lissafi, Akhu. Goma a cire biyu, yatsunka ke nan!"

Sai ya kama kunnenta yana dariya, ya cusa mata dunƙulen tsampa a baki.

Tsofaffin mata kuwa idonsu na kan ƙugun Yangkyi. A yankinsu mace takan kwance pangden ranar da mijinta ya mutu. Ɗaya daga cikinsu, Mola Lhadon, ta kasa haƙuri, ta ce mata a gaban tukunyar shayi, "Ke Yangkyi, Wangdu zai sauko daga dutsen ne? Har yaushe za ki yi ta yawo kamar amarya?"

"Ƙuguna ya saba da shi, Mola," in ji Yangkyi, ta ci gaba da kaɗa man shanu a shayi.

Da safe 'yan sanda suka zo, farkon hunturu. Metok ta riƙe ƙafar Gyurme har sai da aka ɓamɓare yatsunta. Aka tafi da shi. A Italiya sansani ya cika, sai ya koma kwana a tashar jirgin ƙasa, mutumin da ba ya jin harshen kowa kuma ba ya iya tsayuwa a layi da waccan ƙafar. Ciwon haƙarƙari ya kama shi. Wani ɗan ƙasarmu mai wanke kwanuka ne ya gane gawarsa, ya bugo waya.

Mun je ofishin. Suka ce an bi ƙa'ida, ba a raba wani iyali ba. An raba! Muna neman a sake buɗe shari'ar, a kawo tokar gawar Gyurme da aka ƙona gun masu ita, a kira tafintan ya maimaita a gaban alƙali abin da ya faɗa a bakin ƙofa, ya kuma nuna dokar da ya ce tana ƙwace yara. Ba za mu daina zuwa ba.

Domin ranar da wayar ta zo, Yangkyi ta miƙe a gaban kowa ta kwance pangden ɗinta, ta ninke shi. Metok ta ce wa uwarta, "Amala, ai Pala ya daɗe da rasuwa. Me ya sa sai yau?"

Yangkyi ta kama hannun hagun 'yarta ta riƙe.

"A kwarinmu wa da ƙane mace ɗaya suke aura, don kada gona ta rabu. Duk 'ya'yan gida babban suke kira Pala, ƙaramin kuma Akhu. Shekarar da na ɗauki cikinki, Wangdu yana kurkuku."