Ginshiƙin Don Evaristo

Kankare mai lafiya, in an buga shi da guduma, ƙara yake yi kamar ƙarfe. Wanda tsatsa ta cinye rodinsa ta ciki kuwa sai ya amsa da ɓuf, kamar an ƙwanƙwasa tulun da babu ruwa. Tun safe Injiniya Halloran, mai amsa sunan mijinta, take bin garejin da ke ƙarƙashin benen, tana bugawa tana saurare, duk inda ya ce ɓuf ta kewaye shi da jan fenti. Kafin azahar gwangwani ɗaya ya ƙare.

Benen mai hawa tara ne, a bakin teku, arewa da Miami a Amurka. Tsofaffin 'yan Kuba ne suka cika shi, kowa da ɗan gidansa da ya saya da gumin ƙuruciya. Tun da wani bene ya rufta da mutane a can gaba, doka ta canza: duk tsohon bene sai injiniya ya duba ƙashinsa, kuma ƙungiyar masu gidaje ba ta da sauran ikon ɗage tara kuɗin gyara. A da kuwa hannu kawai ake ɗagawa a taron shekara, a ce bana a bar ajiya sai baɗi. Baɗin nan ne bai taɓa zuwa ba.

Ƙungiyar ta zaɓe ta ne da tunanin za ta yi musu sauƙi, tunda ba baƙuwarsu ba ce. Ita ma ta san da haka, shi ya sa ta karɓa da nauyin zuciya. Ba ta tambayi kowa hanyar ɗakin famfo ba, da lif, na'urar hawa bene, ya maƙale kuma ta doke shi da ƙafa a daidai inda yake jin magana.

Doña Ofelia, wato Malama Ofelia a harshensu, shugabar ƙungiyar, ta sauko da silifas, ta ga jan da ya cika bango, ta dafe ƙirji.

"Ke da kanki? Haba! Ina za mu da tsufan nan? Rabin mutanen gidan nan maganin hawan jini ma rabawa suke biyu."

"Doña, ni ban sa tsatsar ba. Ji kawai nake yi."

"To ki rage ji mana!"

Injiniyar ta koma ga gudumarta. Abin da za ta rubuta ta riga ta sani: a kwashe mutane a tokare ginin, gyaran kuma ya fi ƙarfin masu cin fansho. Za su sayar a wulaƙance, su watse.

Can sai ga Don Evaristo, wato Malam Evaristo, da farar riga a goge, riƙe da ɗan kofin gahawa. Shi ya shugabanci ƙungiyar shekara da shekaru, kafin mantuwa ta fara kwashe masa mutane ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ta rasu, amma kullum yana ajiye mata kujera. Abu ɗaya ya rage masa daram, wato benen nan. A cikinsa bai taɓa ɓata ba. Likita ya ce in aka fitar da shi, ɗan abin da ya saura ma zai tafi.

"'Yammata, sha, ki hutar da bangon mutane," in ji shi.

"Na gode, Baba." Ta sha. Sukari ya yi yawa, kamar kullum.

"Hukuma ce ta turo ki ko? Kin zo a makare. Ni nan da kike gani, ni na hana a tara sisin gyara. Duk shekara in miƙe in ce gini ba ya gudu, a bar mana kuɗinmu a aljihu. Kuma su bi ni!" Ya yi dariya har da tari. "To da me zan biya wa Yani jami'a? Wankin motoci nake yi fa. Abin da za a zuba wa siminti, na zuba wa kan yarinya. Yanzu injiniya ce, ta fi ki nesa ba kusa ba."

Ta sauke kofin daga bakinta. Wannan ba ta taɓa ji ba.

Ginshiƙi ɗaya ya rage, na kusa da inda tsohon yake ajiye motarsa a da. Shi ta bari ƙarshe da gangan. A jikinsa akwai zane-zanen ƙusa, layi bisa layi, daga gwiwar mutum har kafaɗa, fenti bai taɓa hawa kansu ba.

"Wannan kam kada ki taɓa," ya ce, ya sha gabanta. "Tsawon Yani ne. Duk ranar haihuwarta nan nake tsayar da ita."

Ta so ta tsallake shi, Allah ya sani. Ba mai ganinta sai tsohon da zai manta kafin la'asar. Amma hawa tara ne a kan ginshiƙin, kuma gadonsa yana daidai samansa. Ta ɗaga guduma ta buga a hankali.

Ɓuf.

Ta sake bugawa, ko kunnenta ne. Ɓawon kankare ya ɓalle ya faɗi a kan takalminta, ga rodi nan ja wur, ya kumbura.

"Bari Yani ta zo," Don Evaristo ya ce. "Ba za ta bari ki kore ni daga gidana ba."

"Za ta zo, Baba."

Ta girgiza gwangwanin, hawaye ya hana ta ganin bangon sosai. Sannan ta ja jan da'ira, ta kewaye layukan duka, har da na can ƙasa, wanda ya zana mata ranar da ta fara tsayawa da ƙafafunta, yana cewa, "Miƙe sosai, Yani, kada ki yi ɗage."